Gonar da Ba a Yi wa Huɗa Ba

Chimbalame, Oktoba

Zuwa ga Kawu Lufeyo, a birnin Joni, can ƙasar waje,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya ƙirjin naka da tari? Mu nan lafiya lau. 'Yata Tiyamike tana ta girma, kumburin ƙafar nan na shekarar yunwa bai sake dawowa ba. Bargon da ka aiko ta hannun direba Malizani ya iso, mun gode ƙwarai.

Kawu, tun da Mama ta rasu, kai ne mai dangi, kai ke da magana a kan ƙasar 'yan'uwanka mata da 'ya'yansu. Shi ya sa nake so ka ji daga bakina kafin wani ya riga ni: bana ban yi wa gonar Mama huɗa ba, kuma ba zan yi ba.

Ka san gonar. Kowace shekara mu ƙone kara, mu rushe huɗar bara, mu tada sabuwa, ruwa ya zo ya kwashi ƙasar ya kai rafi. Abin da ya rage ja ne, mai tauri kamar daɓen ɗaki. Bara duk da takin zamanin da ka aiko, masarar ba ta kai mu Kirsimeti ba.

Lokacin da Tiyamike ta kwanta a asibitin mishan, na ga wani lambu a bayan ɗakin yara. Na tura hannu cikin ƙasarsa, ya nutse har wuyan hannu, baƙa, mai sanyi. Ba sa ƙone komai, ba sa huɗa. Nan na tuna labarin da ka taɓa ba mu na lambun Madam ɗinka, matar da kake yi wa aiki, yadda kake tara ganye a gindin itatuwa. Da na dawo Mama ta bar mini gefen rafi in gwada, tana mini dariya. Damina biyu na gwada, kuma wurin ne ya ciyar da mu bara.

To bana na yi wa gonar duka. Na kwantar da kara ya rufe ƙasa, na haƙa 'yan ramuka na zuba kashin awaki. Zan shuka masara tare da waken nandolo da kabewa. 'Ya'yan gawon da suke tsirowa na daina sare su. A gida ma bakin ƙofa kawai nake sharewa, ganyen ina tura shi gindin ayaba da gwanda, ruwan wanke-wanke ma can yake tafiya.

Esinati, 'yar Inna Felesiya 'yar'uwar Mama, tana ta yi mini dariya, na san labari zai zo maka da gishiri. Kada ka wahalar da kanka da taki bana, Kawu, ka sayi maganin tari.

'Yarka,
Ndaziona


Joni, Disamba

Ndaziona,

Na gaishe ki. Tarin yana nan, bai kashe ni ba tukuna, ko da yake takardarki ta yi iya ƙoƙarinta.

Na karanta, na sake karantawa, na miƙa wa abokin ɗakina ko idona ne ya lalace. Ga abin da na gane: kin ajiye fartanya, kin ajiye tsintsiya, kuma kin ce kada in aiko taki. Ni kike ce wa kada in aiko? Ashe har kin yi arzikin da za ki mayar mini da hannuna. Sannu da hutawa.

Malizani ya ba ni labari a tasha, gaban mutanen garinmu, suna ƙyaƙyatawa. Ya ce daga bakin hanya ba a bambance gidanki da juji. Ya ce an kashe maciji a kusa da ƙofarki. Ya ce matan bakin famfo sun raɗa miki suna Uwar Juji. Ni ina tsaye ina murmushi kamar wawa, don ban san inda zan sa fuskata ba.

Yayata Nachisale, huɗarta miƙe take kamar an ja zare, masu keke tsayawa suke su kalla. Tsakar gidanta kuwa, a ƙasa ma sai ka ci tuwo. Ban san laifin da ta yi wa Allah ba da ya ba ta 'ya mai kwana cikin shara.

Kuma kada ki ƙara saka sunana cikin haukarki. Lambun Madam furanni ne na mutanen da ke sayen abinci a kanti. Ni ina ɗaukar ruɓaɓɓen ganye ne saboda ana biyana. Ina rusuna wa mace sa'ar 'yata, karenta yana cin abin da ya fi nawa. Ban ƙetare ƙasashe na tsufa a cikin ƙazantar wasu ba don 'yar yayata ta ɗauki shara kyauta, a gaban gari.

Da ina zagin mijinki Sikelo da ya tattara kayansa ya bar ki da goyo. Yanzu na fara tunanin in nemo shi in ba shi haƙuri.

Kin san al'adar garinmu. Gonar da damina ta same ta ba huɗa, yasasshiya ce, mai dangi yana da ikon ba wa wata 'yar ɗaki. Bana na kawar da kai saboda ƙasar kabarin uwarki ba ta kwanta ba. Ki rubuto mini ki ce kin dawo hayyacinki. Ina jira.

Kawunki,
Lufeyo


Chimbalame, Mayu

Zuwa ga Kawu Lufeyo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata sanyin can bai tayar maka da tarin ba. Mu lafiya, sai gajiyar girbi.

Ka yi haƙuri da jinkirina. Maganar Sikelo ta yi mini zafi, na yi kuka, na daɗe ban iya riƙe alƙalami ba. Sai na ce bari in jira gona ta amsa maka, ta fi ni iya magana.

A Janairu, ana tsakiyar damina, ruwa ya ɗauke. Masarar maƙwabta ta naɗe ganye, ta Esinati har ta fara ja. Tawa ta tsaya, don idan ka ɗaga kara ka taɓa ƙasa za ka ji danshi. Ba zan yi maka ƙarya ba, gara ta cinye mini kusurwa guda, ciyawa kuma ta ba ni wahala har tafin hannuna ya fashe. Amma rumbun Mama ya wuce rabi, abin da ban gani ba tun ina budurwa. Ga kabewa, ga wake. Rannan Tiyamike ta tono wata tana a tsakiyar gona, ta zo da gudu tana ihu, ba ta taɓa ganinta a wurin ba. Na ƙulla maka nandolon fari a ƙaramin buhu. Motar Malizani tana wurin gyara, don haka na ba wa wani direban.

Ga roƙona. Ka san bayan girbi ana sakin awaki su ci kara, samari kuma su sa wuta su yi farautar ɓeraye. Idan aka yi mini haka, ƙasar za ta koma tsirara, aikina ya tashi a banza. Na kewaye gonar da ƙaya. Yotamu mijin Esinati ya tare ni a hanya ya ce, "Ke wace ce da za ki hana awakin gari kara? Uwarki ma ba ta hana ba." Na ce masa awakinsa su zo gida in yanko musu ciyawa. Ya ce, "Awakina ba sa cin abinci a juji."

Shi ɗan zaman gidan mata ne, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa a garin nan, amma idonsa yana kan gonar Mama. Kalma ɗaya daga gare ka zuwa ga mai gari ta isa. Ban yasar da gona ba, Kawu, kullum ina cikinta. Gonar nan ce gadon Tiyamike, ina so in bar mata ƙasa, ba daɓe ba. Ka zo ka tura hannunka ciki, sannan ka yanke hukunci.

'Yarka,
Ndaziona


Joni, Agusta

Ndaziona,

Ina lafiya, idan kina son sani, ko da yake ban ga alama ba.

Tun Disamba nake jira. Duk motar da ta zo ina tasha kamar mai neman aiki. Esinati ta rubuto, Yotamu ya rubuto, har Felesiya da ba ta gani sosai ta sa an rubuto mata. Ke ce kaɗai kika fi ƙarfin amsa wa kawunki. Na gane, mai juji ba ta da lokaci.

An ce yanzu har shinge kika yi, kin hana dabbobin mutane. Wato bayan ƙazanta kin ƙara da rowa.

Na rubuta wa mai gari. Gonar Nachisale ta koma hannun Esinati, ita ma jinin ɗakin ce, kuma tana da miji mai ƙashin baya. A cire shingen, a ƙone sharar, a yi huɗa kafin ruwa. Gidan yayata kuma a share shi, a sare wannan dajin da kika tara wa macizai. Ke an ba ki gangaren dutse na bayan gari. Can babu mai ganinki, sai ki tara abin da kika ga dama.

Lufeyo


Chimbalame, Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna da rai.

Na rubuto maka a Mayu, da buhun wake. Ban san inda suka maƙale ba. Yanzu ba shi da amfani, amma ina so ka san ban yi maka shiru ba.

An karanta takardarka ranar Lahadi bayan coci, a gindin bishiyar mai gari, gaban kowa. Na ce a jira, akwai takardata a hanya. Mai gari ya ce shi abin da ke hannunsa ya sani. Inna Felesiya ta sunkuyar da kai.

Ko gida ba a bari mun koma ba. Da kayan cocinsu suka tafi gonar. Yotamu ne ya ƙyasta ashana, ya juyo ya ce, "Uwar Juji, matso ki ji ɗumi." Karan ya bushe, wutar ta tashi lokaci guda. 'Ya'yan gawon sun kai ƙugu, ina kallo suka lanƙwashe. Samari suna bin wutar da sanduna suna ihu, don ba su taɓa samun ɓeraye masu ƙiba irin na ranar ba. Tiyamike ta shiga da gudu za ta ciro kabewar da ta ajiye don iri, na fizgo ta, gefen zanenta ya kama. Ba ta ƙone ba, kada ka damu.

Washegari mata suka zo gida da tsintsiya, maza da adda. Ayabar tana da nono bai nuna ba. Gwandar da na shuka a makon da Mama ta rasu, sara biyu aka yi mata. Suna yi suna waƙa, kamar ranar aikin gayya.

Da yamma Esinati ta aiko mini da tsinken gasassun ɓeraye, ta ce rabona ne, tun da ni na kiwata su. Ta ce, "'Yar'uwa, kada ki sa a ranki, idan na girbe zan riƙa tuna ki."

Ka ce huɗar Mama kamar zare. Gaskiya ne. Ni ce nake matsa mata baya kullum, ni na san yadda zaren nan ya tanƙwara ta, har ta mutu ba ta iya kallon sama. Kai daga kan keke ka gani.

Ba zan iya zama a gidan ba. Na kafa bukka a gangaren dutsen. Na tsani abin da ka yi mini, Kawu, kuma ba zan ɓoye ba.

Ndaziona


Joni, Yuni

Ndaziona,

Gaisuwa. Jiki da sauƙi.

Takardarki ta Mayun bara ta iso, an tsince ta a ɗakin ajiyar tasha bayan an gama komai. Na karanta. Da kin amsa da wuri kamar mai tarbiyya, da ba ta kwana a hanya ba. Waken kuwa ƙwari sun mayar da shi gari. Na juye shi a jujin Madam, na ga can ya fi dacewa da shi.

Ta Satumba ma na gani. Kuka da yawa a kan ayaba.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Esinati ta cika rumbu, ta cika na uwarta, har ta zuba saura a ɗaki. An ce gonar Nachisale ba ta taɓa yin masara irin ta bana ba. Yotamu ya ce fartanya shiga take kamar a cikin garin tuwo, ƙasar baƙa wuluk. Kin ga abin da huɗa da taki buhu ɗaya suke yi a hannun masu hankali? Shekara ɗaya tak suka gyara abin da kika ɓata. Na karanta wa mutanen garinmu takardarsu a tasha, a daidai inda aka yi mini dariya.

Ki je ki taya 'yar'uwarki murna. Ki roƙe ta ta koya miki, ba ta da rowa.

Kawunki,
Lufeyo


Joni, Maris

Zuwa ga 'yata Ndaziona,

Gaisuwa mai yawa, ke da jikata Tiyamike. Ina fata kuna lafiya. Damina uku ke nan ban ga rubutunki ba. Ni babba ne, na yafe miki.

Jikina ba daɗi. Madam ta sayar da gida ta koma wurin 'ya'yanta a ƙasar waje, ta bar mini tsohuwar rigar mijinta da almakashin yankan fure. A asibiti sun ce huhun ya ci, babu abin da za su ƙara. Sun ce in koma gida, in ci ganye da wake, in zauna a inuwa. Ba na son a binne ni a nan.

Na rubuta wa Esinati, na sake rubutawa, shiru. Malizani ya ce gonar ta koma ja, ruwa ya tsaga ta biyu, har yaro yana iya ɓuya a cikin kwarin. Ya ce da kwano suke awon masara. Na san Yotamu malalaci ne, tun farko ban yarda da shi ba.

Ya kuma ce gangarenki ya yi kore, daga hanya ana hango ayaba, har mutane suna hawa su kalla. Kin gani? Da ban tura ki can ba, da ba ki yi zuciya ba. Wata rana za ki gode mini.

Zan taho da motar ƙarshen Mayu. Ki gyara mini ɗaki kusa da ke, inda akwai inuwa. Ba na cin abu da yawa yanzu.

Kawunki mai ƙaunarki,
Lufeyo


Chimbalame, Afrilu

Zuwa ga Kawu Lufeyo,

Gaisuwa. Mun ji labarin jikinka, Allah ya sawwaƙe. Mu lafiya ƙalau. Tiyamike ta kusa kai ni tsawo, har yanzu ba ta son ganin ashana.

Wannan karon na miƙa takardar a hannun Malizani da kansa, na tsaya har ya sa ta a aljihu. Ba na so a ce ban amsa da wuri ba.

Gaskiya ne gangaren ya yi kore. Da kai na ɗauko ƙasa daga rafi, kwando kwando. Na jera duwatsu suka tare ruwa. Daminar farko ganyen daji muka ci, Esinati tana wucewa da masara a ka tana tambayata yaya juji. Ba Yotamu ne ya kashe gonar Mama ba, Kawu. Yadda ka ce ya yi, haka ya yi, bai tsallake ko shekara ɗaya ba. Baƙar ƙasar da ka karanta wa mutane a tasha tawa ce. Sun ci ta a damina guda, ruwa ya tafi da saura.

Ka zo, gida naka ne. Al'ada ta ce namiji ɗakin 'yan'uwansa mata yake komawa, kuma kai mai riƙe al'ada ne. Ɗakinka yana gidan Mama. Gangaren ba zai yi maka ba, hawan yana da tsayi ga mai ciwon huhu. Kuma juji ne, ganye ko'ina, ana ganin maciji jefi-jefi. Ba zan so mutanen gari su ga kawuna a irin wannan wuri ba.

Jiya na sauka da kaina na share maka gidan, tun daga bakin ƙofa har hanya. Babu ganye ko ɗaya, babu ciyawa, kututturan ma an tone su. Tas yake, rana tana dukansa daga safe har yamma. A ƙasa ma sai ka ci tuwo, idan Esinati ta samu garin tuƙawa. Ita ce mai gonar, ita ce mai ciyar da mai dangi, na tuna mata a gaban mai gari.

Na bar maka tsintsiyar Mama a jingine a bakin ƙofa.

Ndaziona